Taƙaddamar irin GMO: abin da ke cikin ƙwayar wake, da abin da yake yi a cikin tsutsa da cikin mutum

Tun da aka amince a fara sayar wa manoman Najeriya masarar TELA a watan Janairun 2024, maganar irin da aka sauya wa ƙwayar gado, wanda aka fi sani da GMO, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Saƙonnin murya na yawo a WhatsApp cewa irin yana kashe ƙasa, ba ya sake tsirowa, yana hana haihuwa. Masu goyon bayansa kuma suna cewa shi ne zai raba manomi da asara. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin sai an yi bincike. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin sa ido kan wannan fasaha, ta tsaya kan cewa abin da ta amince da shi ba shi da illa.

Abin da ya fi rikita jama'a shi ne ana yi wa tambayoyi da yawa kuɗin goro. Wasu amsarsu tana cikin yadda aka gina jikin tsiro da na dabba, kuma ana iya bin ta daki-daki. Wasu kuwa na kasuwa ne da amana da mulki, ilimin halittu ba shi da ta cewa a kansu.

## Ina ƙwayar gadon take?

Jikin kowane mai rai, wake ne ko akuya ko mutum, an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su ake kira sel, ko ƙwayoyin halitta. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana su a 1665 da ya duba ɓawon itace.

Sel na tsiro da na dabba suna da bambanci. Na tsiro yana da katanga mai tauri a kewaye, yana da wata jakar ruwa a tsakiya wadda in ta cika ganye ya miƙe, in ta rage ya yanƙwane da tsakar rana. Sel na ganye kuma yana ɗauke da koren sinadarin da ke kama hasken rana ya haɗa ruwa da iska su zama sukari. Sel na dabba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa dabba sai ta ci ta rayu. Amma a wuri ɗaya sun yi tarayya: kowanne yana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wani dogon zare mai suna DNA, a nannaɗe cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, wake 22, masara 20.

DNA rubutu ne da haruffa huɗu kacal, kuma haruffan ɗaya ne a jikin mutum da wake da bakteriya. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu wanda ke gaya wa sel yadda zai haɗa wani furotin. Furotin ɗin shi ke aikin: wani ya narkar da abinci, wani ya ɗauki iska a jini, wani ya ba fure launi. Duk wanda ya taɓa yin gwajin jini kafin aure ya riga ya san wannan ilimin ko da bai san sunansa ba. Bambancin AA da SS harafi ɗaya ne tak da ya canza a ƙwayar gadon furotin mai ɗaukar iska a jini, wannan harafin kuma shi ke lanƙwasa ƙwayar jini ya haifar da ciwon sikila.

To GMO shi ne tsiro ko dabbar da aka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam aka dasa a cikin zarensa a ɗakin bincike, domin ya riƙa haɗa wani furotin da a da ba ya haɗawa.

## Aure dabam, dashe dabam

Yawancin abin da ake nunawa a kasuwa a ce GMO ne ba shi ba ne. Ƙaton tumatir, kankana marar 'ya'ya, kajin gidan gona masu saurin girma, duk ta hanyar zaɓen iri da haɗa aure aka same su. Mangwaro mai aure kuwa reshe ne aka ɗaura kan kututturen wani, zaren gadon kowanne yana nan yadda yake.

Haɗa aure tsoho ne a ƙasar Hausa. Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Jaki yana da kuromosom 62, doki 64, alfadari ya tashi da 63, lissafin da ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa ba ya haihuwa. Wannan ya nuna iyakar aure: sai tsakanin dangi na kusa yake yiwuwa, kuma yana kwaso dubban ƙwayoyin gado gaba ɗaya, masu amfani da marasa amfani. Dashen ɗakin bincike yana tsallake wannan iyakar, ya ɗauko ƙwaya ɗaya ko biyu daga halittar da ba dangi ba. Masu goyon baya suna kallon wannan a matsayin aikin da ya fi aure tsafta, tunda an san abin da aka saka. Masu adawa suna kallonsa a matsayin ƙetare shingen da ba a taɓa ƙetarewa ba. Dukansu abu ɗaya suke siffantawa.

## Tsutsar da ta jawo maganar

Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Babbar abokiyar gabar wake a gona wata tsutsa ce da masana ke kira Maruca. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, tana ajiye ƙwai a kan fure. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shige cikin furen, daga nan ta huda kwanson ta zauna ciki tana cin 'ya'yan. Da yake a ɓoye take, maganin feshi ba ya isa gare ta sosai, sai manomi ya yi ta feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Inda ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin.

Masana sun bincika dubban nau'o'in waken da ke ajiye a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ba su samu wanda ke jure mata yadda ake so ba, don haka hanyar aure ta toshe. Sai aka koma ga wata bakteriyar ƙasa, Bacillus thuringiensis, ko Bt a taƙaice. An gano ta a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki, aka fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa a 1938, kuma har yau masu noman da ba sa amfani da maganin zamani suna fesa ta. Abin da ke kashe tsutsa a jikinta furotin ne. Ƙwayar gadon wannan furotin, mai suna Cry1Ab, ita aka dasa a wake.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samarun Zariya ce ta jagoranci aikin a ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostareliya. Bayan gwaji na kimanin shekara goma, NBMA ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T a watan Disamba. Ghana ta fitar da nata a 2024. Masarar TELA kuwa, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, an yi ta ne saboda tsutsa mai huda kara da kuma baƙuwar tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka a 2016.

## Hanjin tsutsa da cikin mutum

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce: abin da ya kashe tsutsa, me zai hana shi cutar da wanda ya ci ƙosai da alala?

Kafin furotin na Bt ya yi kisa sai wasu sharuɗɗa sun cika, kuma duka suna komawa ga ginin hanji. Ruwan da ke cikin hanjin irin wannan tsutsa ya karkata ga ɓangaren kanwa da toka, ba shi da tsami, kuma a cikin irin wannan ruwa furotin ɗin yake zama da ƙarfinsa. Sannan a jikin bangon hanjin akwai wasu furotin na musamman da Bt ke kamawa, kamar yadda ɗan makulli ke shiga kwaɗon da aka ƙera shi dominsa. Da ya kama sai ya huda sel na bangon hanjin, ruwa ya kwarara ciki, sel ya kumbura ya fashe. Tsutsar takan daina ci cikin 'yan sa'o'i, ta mutu cikin 'yan kwanaki.

Cikin mutum akasin haka ne. Ruwansa tsami ne da ya kai na lemon tsami ko ya fi, kuma akwai sinadarin pepsin wanda aikinsa yanka furotin gunduwa-gunduwa, na nama ne ko na ƙwai ko na wake. Gwaje-gwajen da aka yi da ruwa mai kama da na cikin mutum sun nuna Cry1Ab yana narkewa cikin 'yan mintuna, dafuwa ma tana lalata siffarsa tun kafin a kai baki. Ko da wani ɓangare ya tsira zuwa hanji, bangon hanjin mutum da na saniya da na kaza ba shi da kwaɗon da wannan ɗan makulli ke buɗewa. Ƙudan zuma ma haka. Wannan ne ya bambanta shi da yawancin magungunan feshi, waɗanda ke kai hari ga jijiyoyin saƙo, tsarin da ƙwaro da mutum suka yi tarayya a cikinsa, shi ya sa mai feshi ke fama da jiri da ciwon kai.

Maganar cewa ƙwayar gadon za ta shiga jinin mai ci ta canza masa halitta ko ta taɓa haihuwarsa ba ta da madogara a yadda jiki ke aiki. Duk loma ɗaya ta tuwo ko nama ko zogale tana ɗauke da DNA na abin da aka ci, kuma hanji yana warware shi kamar yadda yake warware sauran abinci. Ƙwayoyin haihuwa ba daga zaren abinci suke ɗaukar rubutunsu ba. Haka nan raɗe-raɗin cewa an saka wani abu na alade: ƙwayar daga bakteriyar ƙasa ta fito.

Sai dai wannan bayani na furotin ɗaya ne, ba na kowane GMO ba. A Amurka an taɓa samun masarar StarLink mai ɗauke da wani furotin na Bt da ba ya saurin narkewa a ciki. Saboda fargabar zai iya tayar wa wasu da borin jini, aka amince da ita don abincin dabbobi kawai, amma a 2000 aka tsince ta a abincin mutane, aka janye ta daga kasuwa. Masu goyon baya suna kafa hujja da wannan cewa tsarin bincike yana aiki. Masu adawa suna kafa hujja da shi cewa in iri ya fita, raba shi da sauran yana da wuya. A 2016 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta duba ɗaruruwan bincike ta ce ba ta ga shaidar cewa amfanin gonar GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba.

## Furen wake da bununin masara

Tambaya biyu da manoma suka fi yi, amsarsu tana cikin fure: ko za a iya ajiye iri, kuma ko irin zai tsallaka gonar maƙwabci?

Furen wake yana ɗauke da namiji da mace wuri ɗaya, a rufe cikin ganyen furen, kuma yawanci barbara tana faruwa tun kafin ya buɗe. Wake kansa yake aura. Saboda haka SAMPEA 20-T yana haifar irinsa, manomi zai iya ɗebe iri daga girbinsa ya shuka baɗi ya tsiro, kodayake ana ba da shawarar sabunta iri bayan 'yan shekaru don gudun gauraya. Ƙudan zuma kan ɗauki garin fure daga wannan gona zuwa waccan, amma kaɗan ne.

Masara ba haka take ba. Namijin yana can sama, shi ne bununi, macen kuma ita ce gemun da ke fitowa a bakin goyo, kowane silin gemu yana kaiwa ga ƙwaya guda. Iska ce ke kwasar garin bununi, ba ta kuma san iyakar gona ba. Wanda ya taɓa shuka farar masara kusa da ja ya ga goyo mai launi biyu ya san wannan. Don haka tsallakawar ƙwayar gado tsakanin gonakin masara abu ne tabbatacce in suna kusa kuma sun yi bununi lokaci guda. Ban da haka, masarar TELA 'yar aure ce tsakanin nau'o'in masara daban-daban. In aka shuka 'ya'yanta za su tsiro, amma ba za su yi kai ɗaya ba kuma amfanin zai ragu. Wannan halin kowace masara 'yar aure ne, GMO ko ba GMO ba, kuma shi ne asalin maganar "ba ya sake tsirowa". Akwai dai fasahar da aka taɓa ƙirƙira ta mayar da iri bakarare, amma an dakatar da ita a ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000, ba ta shiga kasuwa ba.

Akwai wata damuwa da ta keɓanta da wake. Afirka ce mahaifarsa, danginsa na daji suna tsiro a gefen gonaki kuma suna iya aure da na gida. Mekziko, mahaifar masara, ta hana shuka masarar GMO a ƙasarta saboda kare tsofaffin nau'o'inta, kuma masu adawa suna ganin ya kamata a yi wa wake irin wannan taka-tsantsan. Masu binciken suna cewa yawan waken daji ba tsutsar Maruca ce ke iyakance shi ba, don haka samun kariyar ba zai mayar da shi ciyawa mai mamaya ba.

Batun kashe ƙasa kuwa, saiwar wake tana da ƙananan ƙulli-ƙulli inda wata bakteriya ke zaune tana mayar da iska taki, abin da ya sa gero ke kyau a inda aka cire wake. Ƙwayar da aka dasa ba ta shafi wannan ba, ita Bt ɗin ma tun asali a ƙasa take zaune.

## Inda ɓangarorin suka rabu

IAR da AATF da hukumomin gwamnati suna jaddada raguwar feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, da ƙarin amfani, da cewa kamfanin da ya mallaki ƙwayar gadon, Monsanto wanda Bayer ya saya a 2018, ya bayar da ita ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba.

Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey suna cewa ba a yi isasshen bincike mai zaman kansa na dogon lokaci a cikin gida ba, cewa hukumar sa ido ta yi kusa da masu tallata irin, kuma manomi zai wayi gari yana dogaro da kamfanonin iri. Suna ganin gyaran ƙasa, haɗa shuke-shuke, hanyoyin mota da tsaro sun fi gaggawa. Sukan kawo misalin Burkina Faso, wadda ta karɓi audugar Bt a 2008 ta watsar a 2016. Audugar ta kashe tsutsa yadda aka yi alkawari, amma zarenta ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Matsalar daga irin da aka aura wa ƙwayar ta taso, amma asarar manoma da kamfanonin auduga ta gaske ce.

A Arewa akwai ƙarin dalili na ɗari-ɗari. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai gushe a zukata ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Akwai kuma masu tambaya ta fuskar addini ko wannan canza halitta ne. Hukuncin na malamai ne, abin da ilimin halittu zai miƙa musu shi ne bayanin ainihin abin da aka ɗauko, daga ina, aka saka a ina.

Wuri ɗaya da ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne tsutsa tana iya sabawa. A cikin miliyoyin tsutsotsi akan samu 'yan kaɗan da kwaɗon hanjinsu ya ɗan bambanta, su tsira, su hayayyafa. Ya faru da tsutsar auduga a Indiya, ya faru da mai huda karan masara a Afirka ta Kudu. Maganinsa shi ne a bar wani yanki na gona da irin da ba Bt ba, domin tsutsotsi marasa juriya su yi yawa su auri masu juriyar su tsarma jininsu. A gonar ƙaramin manomi mai kadada ɗaya, inda malamin gona ba ya zuwa, bin wannan ƙa'ida ba ƙaramin aiki ba ne.

## Manomi da mai saye

Ga manomin wake, ribar da ta fi fitowa fili ita ce kuɗin magani da lafiyar mai goya tankin feshi. Amma feshi biyun nan da suka rage ba na ado ba ne. Furotin ɗin ba ya kashe darɓa da ƙananan ƙwarin da ke tsotse fure da kwanso ba, domin hanjinsu ba irin na Maruca ba ne. Wanda ya ji an ce wake ne marar buƙatar magani ya bar gonarsa zai yi asara. Kuma da yake ido ba ya bambanta SAMPEA 20-T da wani farin wake, ƙofar sayar da jabun iri a buɗe take, sai a wurin dillalin da aka sani da jaka mai hatimi.

Ga mai saye, doka ta tanadi a yi wa kayan GMO lakabi. Lakabi kuwa a jikin leda da gwangwani yake zama. Waken da ya baro gona ya bi ta kasuwar ƙauye ya isa Dawanau ana juye buhu cikin buhu, daga nan a auna shi da kwano, mai ƙosai ta saya ta niƙa. Babu matakin da takarda za ta bi shi. Wanda ba ya son ci, ko mene ne dalilinsa, a yanzu ba shi da hanyar zaɓa sai in ya san gonar. Masu fitar da wake zuwa ƙasashen da ke da tsauraran dokoki kan GMO su ma wannan gaurayar ta shafe su, wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai kuma haɗarin da ya riga GMO zuwa kuma sabon irin bai magance shi ba. Ƙwaron da ke huda wake a buhu dangin buzuzu ne, Cry1Ab ba ya yi masa komai. Saboda shi ne wasu 'yan kasuwa ke zuba fiya-fiya da makamantansa a busasshen wake, kuma ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Wannan guba ce mai taɓa jijiyoyin mutum kai tsaye. Ƙwaron yana numfashi ne ta ƙananan ramuka a gefen jikinsa, don haka buhun PICS mai hawa uku, ko duro mai murfin da ba ya shan iska, yana kashe shi da ƙwansa ba tare da ɗigon magani ba, ko waken GMO ne a ciki ko na gargajiya.